Kumburin Masu Jego a Zariya: Tarihin Cutar da na Kayan Gane Ta, 1969 zuwa 2024

Gabatarwa

Wanda duk ya buɗe manyan littattafan likitanci a kan ciwon zuciya, ya je inda ake maganar gazawar zuciyar mata bayan haihuwa, sau da yawa zai ci karo da sunan Zariya. Dalili kuwa shi ne a nan ne, a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Tudun Wada, aka tara labarin mata fiye da 200 masu wannan cuta tun daga 1969, aka kuma bi sawunsu har shekara 25. Nufinmu a wannan takarda shi ne mu bi tarihin yadda aka fahimci cutar, mu kuma nuna cewa duk sa'ad da wata sabuwar na'ura ta shigo hannun likita, bayanin da ake yi wa cutar yakan sāke kama. Za mu tsaya a kan na'urar da ake ta ƙoƙarin ƙerawa a wannan zamani, watau 'yar ƙaramar eriya mai auna ruwan da ya taru a huhu, mu ga ko tana da abin da za ta yi wa mai jego a ƙauyukan Dutsen Abba da makamantansu.

Da farko ya kamata mu daidaita kalma. In an ce zuciya ta gaza, ba ana nufin ta tsaya ba ne. Ana nufin ta kāsa tura jini gwargwadon bukatar jiki, har ruwa ya riƙa taruwa a baya: a ƙafafu, a ciki, a hanta, sa'an nan a huhu. Mai cutar takan yi haki ko da tafiyar tsakar gida ce, ba ta iya kwanciya rigingine, dare ya yi sai tari, ƙafa kuwa in aka danna da yatsa sai wurin ya lotsa.

Jego da tsoron sanyi

Ba za a gane tarihin nan ba sai an gane abin da Bahaushe ke nufi da sanyi. A ganin magabata, mace in ta haihu jikinta ɗanye ne, a buɗe yake, sanyi kuwa na neman ƙofar shiga. In ya shiga sai kumburi, da ciwon gaɓoɓi, da rashin lafiyar da ba ta jin magani. Saboda haka dukan tsarin jego an gina shi ne a kan korar sanyi. Tun ciki na tsufa miji ke tanadin itacen wanka. Bayan haihuwa a dafa ruwa har ya tafasa, a tsoma ganyen tsamiya ko na dogon yaro, mai jego ta riƙa fyaɗa wa jikinta safe da yamma har kwana 40, wasu ma su zarce wata uku, musamman a haihuwar fari da akan tafi wankan gida. A ba ta ƙauri da yaji, a dama mata kunun kanwa don nono ya kawo, ciki kuma ya wanku. A ƙasar Zazzau akwai ƙari a kan wannan, watau kwanciya a kan gadon ƙasa wanda aka hura wuta a ƙarƙashinsa, cikin ɗakin da aka rufe. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin Baba a 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya nuna yadda wankan jego ya zauna da gindinsa a rayuwar matan wannan ƙasa tun kafin zuwan asibiti.

Ita kanwar ma tana da nata tarihin. Daga ƙasar Manga da Muniyo da gaɓar Tafkin Cadi fatake suka daɗe suna kawo ta, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1986 a kan cinikin gishiri. Abin da ya shafe mu a nan shi ne kanwa cike take da sinadarin sodiyam, wanda ke cikin gishirin miya, shi kuwa sodiyam in ya yi yawa a jiki yakan riƙe ruwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne nan. Ɗaya daga cikin alamomin farko na gazawar zuciya kumburi ce. Kumburi kuwa, a fassarar tsofaffi, shaida ce cewa sanyi ya shiga, watau wankan bai yi zafi yadda ya kamata ba, ko an yi wa kunun ƙwauron kanwa. To, sai a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Ba mugunta ce ta kawo haka ba, kulawa ce, domin uwar da ta tashi da asuba ta dafa wa 'yarta ruwa kwana 40 ba ta nufinta da komai sai lafiya. Amma sakamakon shi ne mace ba ta isa asibiti sai ta kai inda ba ta iya numfashi a kwance.

Asibitin Tudun Wada, 1969 zuwa 1978

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashen koyon likitanci kuma ya fara a 1967, ya ɗauki asibitocin Zariya da Kaduna da Malumfashi ya mai da su wuraren koyarwa. A 1969 Eldryd Parry, mutumin Wales wanda ya riga ya yi aiki a Ibadan da Adis Ababa, ya zo Zariya a matsayin farfesan likitanci, ya zauna har 1977. Shi da abokin aikinsa Neil Davidson ba su daɗe ba suka lura da yawan matan da ake kawowa a kumbure, makonni kaɗan bayan sun haihu.

Cutar ba baƙuwa ba ce ga likitocin duniya. An bayyana ta a Amurka a 1937, a 1971 kuma Demakis da Rahimtoola suka tsara ma'anarta: gazawar zuciya da ta bayyana a watan ƙarshe na ciki ko cikin wata 5 bayan haihuwa, ga macen da ba a san ta da ciwon zuciya ba. Amma a can sai an yi haihuwa dubbai kafin a sami mace ɗaya. A Zariya kuwa ƙiyasin da aka yi ya kai wajen mace 1 cikin kowace 100.

Kayan aikin da ke hannunsu a lokacin su ne kunnen likita da abin sauraren ƙirji, wanda Laennec ya ƙago a Faransa tun 1816, da abin awon hawan jini, da ma'aunin nauyi, da hoton ƙirji na eksire, da na'urar zanen bugun zuciya. Da waɗannan ana iya ganin cewa zuciya ta faɗaɗa, huhu ya jiƙe, jini ya hau. Ba a iya ganin yadda tsokar zuciyar ke matsawa. Saboda haka sai suka juya ga tambayar da kayan aikinsu za su iya amsawa: su wane ne masu cutar, daga ina suke, a wane lokaci na shekara suke zuwa?

Amsar ta fito a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 1974, da sunan Davidson da Lorna Trevitt da Parry. Ita Trevitt ta riga ta bincika al'adun haihuwa a Birnin Zariya, ta buga a mujallar Savanna a 1973. Sun nuna cewa cutar ta fi yawa a inda Hausawa ke da rinjaye, ta kuma fi tsanani a kewayen Zariya da Malumfashi, inda aka fi tsananta wankan ruwan zafi da gadon wuta da shan kanwa. Babban rahoton, a kan mata 224, ya biyo baya a 1978. A ciki an ga cewa masu cutar sun fi yawa da damina ta kankama, wajen watan Yuli, an kuma ga da yawansu jininsu a haye yake ranar da aka kwantar da su, ya sauka bayan an ba su magani. Bayanin da suka bayar mai saukin bi ne. Kanwa ta cika jijiyoyi da ruwa. Zafin wanka da na gado ya buɗe jijiyoyin fata, ya tilasta wa zuciya ƙarin aiki. Iskar damina mai laima ta hana gumi bushewa. Zuciyar da ta gama ɗaukar nauyin ciki na wata 9, wataƙila ga ƙarancin jini, sai ta durƙusa. Magani kuwa a lokacin shi ne hutu, da dijoksin, da ƙwayoyin sa fitsari, kuma yawancin matan sukan sabe cikin 'yan kwanaki.

Ya dace mu tuna cewa a asibitin nan ne, daga 1976 zuwa 1979, Kelsey Harrison ya tattara bayanin haihuwa 22,774 a jere, binciken da ya nuna wa duniya dangantakar mutuwar mata wajen haihuwa da rashin ilimi da rashin zuwa awon ciki. Za mu ga amfanin wannan tunatarwa nan gaba.

Amsa-kuwwa

A 1953 Edler da Hertz, a birnin Lund na ƙasar Suwidin, suka fara kallon zuciya ta hanyar aika mata sautin da kunne ba ya ji, a karɓi amsa-kuwwarsa a mai da shi hoto. Kafin ƙarshen shekarun 1970 irin wannan na'ura ta iso Zariya. John Sanderson, da Adesanya, da Anjorin, da Parry suka duba mata 43 da ita, suka buga abin da suka gani a 1979. Abin ya ba da mamaki. Duk da kumburin da matan suka yi, tsokar zuciyarsu tana matsawa daidai gwargwado, jinin da take turawa kuma ba kaɗan ba ne, a wasu ma ya fi na mai lafiya. Suka ce wannan bai yi kama da ruɓewar tsokar zuciya irin wadda Demakis ya siffanta ba. Ruwa ne ya yi wa jiki yawa.

Daga nan likitocin waje suka fara ware Zariya gefe guda, suna cewa cutar Zariya dabam ce, ta al'ada ce. A ganinmu wannan wariya ta yi amfani ta kuma yi ɓarna. Ta yi amfani domin ta nuna akwai abin da za a iya hanawa ba tare da tsadar magani ba. Ta yi ɓarna domin ta sa aka daɗe ana zaton cewa da an daina kanwa an gama, aka kuma ɗora laifin duka a wuyan kaka da ungozoma.

Kafin mu bar Zariya akwai rahoton 1998 na Ford da abokan aikinta, cikinsu har da Anjorin da Danbauchi, wanda ya koma kan mata 227 da aka kwantar tsakanin 1969 da 1972. An tabbatar da mutuwar 75 daga cikinsu, 55 kuwa ciwon zuciya ne ko na jijiyoyin jini ya kashe su. Cutar ta dawo a kashi 13 cikin 100 na ciki 551 da suka yi daga baya, kuma jininsu ya yi ta hawa shekara bayan shekara. Marubutan suka kammala cewa matan da cutar ke kamawa dā ma masu shirin kamuwa da hawan jini ne, jikinsu ba ya iya fitar da rarar gishiri. Akwai wani abu a rahoton da masu tarihi bai kamata su wuce shi ba. Marubutan sun faɗa da bakinsu cewa bin sawun matan nan daga 1993 zuwa 1995 ya dogara ne a kan wata Bazazzagiya, A. Abdullahi, wadda sunanta ke cikin jerin marubutan. Mata 31 kaɗai suka ɓace mata ƙwata-ƙwata, bayan shekara 25, a ƙasar da mace kan sāke aure ta sāke gari, gidaje kuma ba lamba. Babu na'urar da ta yi wannan aiki, sallama ce da sanin dangi.

Yamai, Sakkwato da Kano

Shakka ta fara shigowa daga Nijar. A 1992 Arnaud Cénac da abokan aikinsa a Yamai suka sami ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu wannan cuta, sinadarin da dā ma an san rashinsa na lalata tsokar zuciya tun daga cutar Keshan ta ƙasar Sin. A Sakkwato, Isezuo da Abubakar suka ba da rahoto a 2007 cewa cutar na kama mace 1 cikin haihuwa 102. A Kano kuma Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya sami irin abin da aka samu a Yamai a 2015. Matan da ake gani a waɗannan wurare, da na'urori masu kaifi fiye da na 1979, tsokar zuciyarsu ta raunana da gaske.

Bincike mafi faɗi shi ne wanda Karaye ya jagoranta a asibitoci 22 na Nijeriya, aka buga a 2020, a kan mata 406. Fiye da kashi 70 cikin 100 nasu daga arewa maso yamma suke, inda yawan cutar ya kai 1 cikin 96. Abubuwan da aka ga suna tafiya da ita su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Wankan jego da kunun kanwa kuwa ba a ga sun bambanta masu cutar da marasa ita ba. Ga Harrison ya dawo ke nan ta wata ƙofa: talauci da rashin awo. A waje ɗaya kuma, a Jamus, Hilfiker-Kleiner ta nuna a 2007 cewa wani gutsuren furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, na iya cutar da zuciya, har Karen Sliwa ta gwada maganin tsai da shi a Afirka ta Kudu a 2010.

Shin Parry da Davidson sun yi kuskure ke nan? Mu dai ba mu ga haka ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne cuta biyu ne suka sa riga ɗaya, ɗaya ta cikar ruwa da hawan jini, ɗaya ta raunin tsoka, kuma mace na iya haɗa su duka. Ban da haka, jegon 1970 ba shi ne na 2017 ba, domin gadon katako da na ƙarfe sun kori gadon ƙasa a gidaje da yawa, itace kuma ya yi tsada. Ko ma wane bayani aka bi, macen da zuciyarta ta raunana, kanwa da zafi ba za su ƙara mata komai ba sai nauyi.

Eriya a ƙirji

Duk kayan da muka ambata a asibiti suke zaune, sai mai jego ta zo ta same su. Babban asibitin koyarwa ma ya bar Tudun Wada ya koma Shika a 2005, watau ya ƙara nisa da mutanen ƙauyukan Dutsen Abba. Wannan ne ya sa ya dace mu dubi na'urar da aka ce za ta iya zuwa inda mara lafiya take.

Tushen dabarar mai sauƙi ne. Huhun mai lafiya yawancinsa iska ne. In zuciya ta fara gazawa, ruwa na fara taruwa a cikinsa kwanaki kafin haki ya bayyana. Igiyar maikurowef, irin wadda wayar salula ke aiki da ita, tana bambanta ruwa da iska ƙwarai, domin a ma'aunin da masana ke amfani da shi iska 1 ce, ruwa kuwa wajen 80. Saboda haka in aka aika igiyar ta ratsa ƙirji, ko ta bugi huhu ta dawo, yadda ta raunana da yadda ta yi jinkiri za su nuna yawan ruwan da ke ciki. Ba ta da haɗarin hasken eksire, ana iya maimaita awon kullum. Charles Susskind na Jami'ar Kalifoniya ne ya ba da shawarar a 1973, daidai lokacin da Davidson ke ƙirga matan Zariya, Iskander da Durney kuma suka gwada ta a Jami'ar Yuta a ƙarshen shekarun 1970.

Abin da ya daɗe yana riƙe aikin shi ne girman eriya. Naman jiki na shanye igiya mai saurin kaɗawa, don haka in ana so ta kai huhu sai an sauko wajen kaɗawa miliyan 500 zuwa 1,000 a daƙiƙa. To amma tsawon igiya a miliyan 1,000 santimita 30 ne, a miliyan 500 kuma 60, eriya ta gargajiya kuwa rabin tsawon igiyar take. Ƙarfe mai santimita 30 ba ya zama a bayan mace, balle a jera da yawa. Ana kuma bukatar eriyar ta karɓi igiyoyi masu faɗi don hoton ya fito, ta kuma fuskanci jiki kawai, kada ta watsa ƙarfinta baya. Waɗannan bukatu uku kishiyoyin juna ne, in ka matse girma sai faɗin ya ragu. Dabarar masu ƙira ita ce naɗe ƙarfen, da lanƙwasa shi, da tsattsaga shi, yadda hanyar da lantarki ke bi za ta yi tsawo cikin ɗan ƙaramin wuri. Wanda ya tuna wayar salula mai tsinke a ka, ya dubi ta aljihunsa yau, ya riga ya ga sakamakon wannan dabara. A 2014 Rezaeieh da Abbosh na Jami'ar Kwinslan a Ostareliya suka buga tsarin gano gazawar zuciya da wuri da irin wannan naɗaɗɗiyar eriya, wanda suka gwada a kan ƙirjin roba. A 2015 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urar ReDS ta wani kamfanin Isra'ila, wadda ake sawa kamar 'yar shara, ta ba da lamba cikin minti ɗaya da rabi. Huhun mai lafiya kan nuna ruwa kashi 20 zuwa 35 cikin 100.

In muka auna wannan da tarihin da muka bi, za mu ga na'urar ta fi dacewa da cutar da Sanderson ya siffanta a 1979, domin ruwa take gani. Ba ta faɗin dalilin taruwarsa, ba ta bambanta raunin tsoka da cikar gishiri, kuma macen da tsokar zuciyarta ta fara rauni amma huhunta bai jiƙe ba tukuna za ta iya wuce ta. An kuma daidaita lambobinta ne a jikin tsofaffin marasa lafiya na ƙasashen da aka ƙera ta, wanda ya sha bamban da jikin ramammiyar yarinya 'yar shekara 19 mai shayarwa. Tana da abokiyar takara ma. A 2024 mujallar Nature Medicine ta buga gwajin da Demilade Adedinsewo ta jagoranta a asibitoci 6 na Nijeriya, a kan mata 1,232 masu ciki da masu jego, inda abin sauraren ƙirji mai haɗe da kwamfuta ya gano mata 24 masu raunin zuciya, alhali awon da aka saba ya gano 12. Watau kayan Laennec ne aka yi wa sabon kunne, kuma an riga an gwada shi a kan matanmu.

Saura batun lokaci. Awon bayan haihuwa da aka fi sani shi ne na mako 6, kwana 42 ke nan, wanda ya faɗo daidai da fitar arba'in, bayan an gama wankan da shan kunun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba mai jego cikin awa 24 na farko, da kwana na 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, kafin na mako 6. A tsakanin nan kuwa, a ƙauyen Dutsen Abba, mai jego na cikin ɗaki, wataƙila ma a gidan iyayenta a wani gari, kuma waɗanda ke da izinin ɗaga labulen su ne uwarta, da ungozoma, da ma'aikaciyar lafiya mace in an san ta. Duk na'urar da za a ƙera don wannan cuta, ko eriya ce ko abin saurare, a hannun ɗaya daga cikin waɗannan ukun za ta shiga ɗakin, kuma ranar suna ce rana ta farko da jama'a ke taruwa a kanta.